Fuskokin Nima a Tsohuwar Kwamfuta

Muftahu ya taɓa riƙe kafen intanet a unguwar Nima ta birnin Accra, a wani shago mai ƙofar ƙarfe da ke kan hanyar da ta gangara Kawukudi. A wancan lokacin duk mai son aika saƙo ga ɗan'uwansa a Jamus ko Amurka wurinsa yake zuwa. Samari su yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna jiran kujera, tsofaffi kuma su zo da hoto ko takarda a ƙunshe cikin leda, su ce a sa a na'ura a tura wa yaro. Daga baya wayar hannu ta cika gari, intanet ya koma aljihun kowa, kujerun suka fara wuni babu mai zama. Muftahu bai tsaya jayayya da zamani ba. Ya raba shagon biyu, ya bar wa wani mai aski rabi, shi kuma ya koma sayar da katin waya a ɗaya rabin. Kwamfutocin kuwa ya kwashe su zuwa gidan gadonsu, ya jibge a ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, ya lulluɓe da tsohuwar tabarma ya datse da kwaɗo.

Sun fi shekara goma a wurin. 'Yan kwandam, masu tura kura suna sayen tsohon ƙarfe, sun sha tsayawa a ƙofar gidan suna tambaya ko akwai abin sayarwa, shi kuma kullum sai ya ce musu ba yau ba.

Ana nan sai mijin yayarsa Asana ya rasu a Kumasi. Da ta fita takaba ta ce ita gidan ubanta za ta koma. Ta fi shekara talatin rabonta da zaman Nima, zuwa kawai take yi biki ko gaisuwar mutuwa ta juya. Gidan kuwa a cike yake da dangi da 'yan haya, babu ɗakin da ba kowa sai na kusa da madafa. Kwanakin farko a ɗakin matar Muftahu ta sauka, amma Asana ba macen da za ta daɗe a ɗakin wata ba ce.

Wata safiya ta ce, "Muftahu, buɗe mini ɗakin nan in gani."

Ya kawo makulli yana jan ƙafa. Da ya yaye tabarmar, warin ƙura da na ɓera ya buge su. Akwatunan nan guda bakwai, da can farare ne, yanzu sun koma launin haƙorin mai cin goro, ga talabijin ɗinsu masu ƙaton ƙeya an jera a kai, wayoyi sun harɗe da juna a ƙasa.

Asana ta toshe hanci da bakin mayafinta. "Waɗannan gawarwakin ne za su hana ni wurin kwana?"

"Yaya, ba su mutu ba. Hutawa suke yi."

"To su je su huta a wurin 'yan kwandam. Ni tsufa ya zo mini, ina son in rufe ƙofata."

Muftahu ya san gaskiya ta faɗa. Abin da ya kasa gaya mata shi ne, da kuɗin waɗannan akwatuna ya yi aure, da su ya kai mahaifiyarsu asibiti a ciwonta na ƙarshe, kuma ba ya son ya tsaya yana kallo ana farfasa su da guduma a bakin gota, wato kwata. Ya ce mata ta ba shi zuwa ƙarshen mako.

Asana tana da 'ya mai suna Shamima, wadda ta riga ta dawowa Accra da daɗewa. Gyaran waya take yi a wani shago a Kokomlemle, ita kaɗai ce mace a layin masu gyaran. Da ta zo gaida uwarta aka ba ta labari, sai ta juya wurin kawunta.

"Kawu, kafin ka ba kowa, ka goge abin da ke ciki?"

"Me ke ciki? Tsofaffin abubuwa ne."

"Fasfo ɗin mutane, takardun makaranta, wasiƙu. 'Yan kwandam ba duka suke fasawa ba, wasu sassan sayar da su suke yi. Idan ya faɗa hannun ɗan damfara fa? Bari in zo ran Lahadi mu kunna su mu gani."

Ran Lahadi da hantsi suka fito da su tsakar gida, suka jera a inuwar katanga. Shamima ta aro na'urar busar gashi daga wurin mai aski, ta riƙa kwance murfin kowace tana hura ƙurar, ƙurar na tashi tana sauka kan shanyar mutane, matan gida na ta mita. A cikin ɗaya ɓeraye sun yi sheƙa da tsumma sun cinye wayoyi. Wata ruwan rufi ya ɗiga mata har cikinta ya yi tsatsa. Shamima ta dinga cire abin da ya rage da rai a wannan tana sa wa waccan, Muftahu na tsugune kusa da ita yana miƙa mata sukudireba, yana gaya mata halin kowace kamar mai ba da labarin 'ya'yansa: wannan takan yi zafi da rana, waccan sai an ɗan buge ta a gefe.

Biyu ne suka farka. Ta farko babu abin kirki a cikinta sai wasannin kati. Ta biyu ita ce wadda take kan teburin Muftahu a da, wadda aka haɗa da sikana, wato na'urar da ake kifa hoto ko takarda a kai ta ɗauke shi zuwa cikin kwamfuta. Da Shamima ta danna maɓalli, fankar ciki ta yi gurnani, aka ji ɗan ƙara ƙit, allon ya yi duhu ya yi haske, sannan ya tsaya. Muftahu ya yi dariya har da tafi.

"Kin gani ko, Yaya? Na ce miki hutawa suke yi."

Asana tana can gefe tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

A kan allon akwai wata jaka da aka rubuta wa "Na Mutane". Muftahu ya ce duk abin da aka kawo masa ya tura, nan yake ajiye kwafinsa, don sau da yawa mutum kan dawo bayan wata guda ya ce yaron ya ce bai gani ba, a sake turawa. Bai taɓa goge komai ba. Shamima ta buɗe, hotuna suka fara jeruwa a hankali, layi bayan layi, ba su da niyyar ƙarewa. Ga na suna, ga na aure, ga 'yan mata cikin kwalliyar Sallah a bakin titin Nima, ga wani tsoho da rago, ga yara sun sauke Alƙur'ani riƙe da alluna.

"Kai, wannan ai Zenabu ce ta gidan mai goro," in ji Muftahu. "Ko kuwa ƙanwarta ce?"

Asana ta ajiye faifan shinkafar ta taso, wai don ta gyara masa. Ta sunkuya ta duba. "Ƙanwar ce. Zenabu tana da wushirya. Wuce gaba, Shamima." Aka wuce. "Wannan kuma ɗan limamin masallacinmu ne na da. Yana ina yanzu?"

"Ya rasu, Yaya. An daɗe."

"Innalillahi. Ba wanda ya gaya mini." Ta jawo kujera ta zauna. Shinkafar ranar sai da matar Muftahu ta ƙarasa tsinta.

Suna cikin haka sai Mma Ƙaltume ta shigo don ta dawo da rariyar da ta ara. Tsohuwa ce mai sayar da koko da ƙosai a bakin lungu, kusan duk wanda ya tashi a unguwar ya sha kokonta. Gidanta yana gangare kusa da babbar gota, kuma shekarar da aka yi babban ruwa ya shiga gidaje, ita da jikokinta da kayan jikinsu kawai suka fita. Ta tsaya tana kallon taron da aka yi wa akwatin, tana tambaya ko fim ake nunawa.

Daidai lokacin Shamima ta buɗe wani hoto mara launi. Wani saurayi ne dogo da hula a karkace, tsaye, ya dafa kafaɗar wata yarinya da ke zaune kan kujera, bayansu labule mai zanen jirgin sama. Asana ta dubi hoton, ta dubi tsohuwar, ta sake duban hoton.

"Mma, matso ki ga wani abu."

Idon Mma Ƙaltume ya yi rauni, sai da ta kai fuskarta dab da gilashin. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan zanen nawa ne," in ji ta. "Uwata ta saya mini shi a kasuwar Makola. Wa ya ba yarinyar nan zanena?"

"Mma, ai ke ce," in ji Asana.

Tsohuwar ta sake duban hoton. Ta ɗaga yatsa ta ɗora kan fuskar saurayin, yatsan ya bar alama a gilashin. "Mumuni," ta faɗa a hankali. Sai ta zame ta zauna a ƙasa, rariyar na hannunta.

Muftahu ya tuna yadda aka yi. Mijinta Baba Mumuni, mahauci a kasuwar Nima, shi ya kawo hoton da kansa a cikin ambulan, ya ce ɗansu da ke Hambug ta Jamus yana son ya nuna wa matarsa iyayensa suna yara. Ya tsaya a kan Muftahu har aka gama, ya karɓi abinsa ya mayar aljihu. Bayan 'yan shekaru ya rasu, sannan ruwa ya zo ya tafi da akwatin da hoton yake ciki. Ɗan na Hambug kuma ya ce saƙon ya ɓace masa tuntuni.

Mma Ƙaltume ta share ido da gefen zani, sai kuma ta fashe da dariya. "Dubi yadda ya karkata hula. Ranar nan sai da muka yi faɗa a kan hular nan, na ce ya gyara ya ƙi." Ta aika aka kira mata jikokinta biyu, 'yan mata da ba su taɓa ganin fuskar kakansu ba. Suka zo suka tsaya suna kallo, babbar ta ce ai hancin babansu ne sak. Shamima ta kwafe hoton ta tafi da shi Kokomlemle, washegari ta dawo da shi a wanke, babba, cikin firam.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama lunguna. Mutane suka riƙa sallama a gidan tun da safe, kowa na tambaya ko akwai nasa. Asana ta ce ita fa har yanzu ba ta ga ɗakinta ba, ga shi kuma tsakar gida ta zama tasha. Sai Muftahu ya ɗauki kwamfutar da sikanarta ya mayar shago, ya share mata kusurwa ya ɗora a kan tebur, mai wasannin katin kuma ya tura ta ƙarƙashinsa. Kafin nan Shamima ta zauna ta ware duk abin da ya shafi fasfo da takardun mutane ta goge, aka bar hotuna zalla. Matattun biyar kuwa ta cire musu ma'ajiyar bayanai ta lalata da hannunta, sannan Muftahu ya kira 'yan kwandam. Bai tsaya ya ga tafiyarsu ba, ya ce yana da uzuri a masallaci. Asana ta riƙe ƙwaryar akwati biyu, ta kwantar da su a bakin ƙofarta, ta cika da ƙasa ta shuka na'ana'a. Aka yi wa ɗakin fenti shuɗi ta tare.

A shago abin ya fara da daɗi. Masu jiran aski su juyo da kujerunsu, wani ya riƙe linzamin kwamfutar yana wucewa da hotuna, ana ihu ana tafawa idan an ga wanda aka sani. Muftahu ya ji kamar shekarun baya sun dawo, bai yi tunanin komai ba. Har ranar da aka buɗo hoton wani saurayi da kitso a kansa, da wando mai faɗi ya zazzago, da sarƙa a wuya, ya jingina da wata jar mota yana nuna yatsu biyu. Wani ya ce, "Cale, abokina, wannan ba Malam Nurudeen ba ne?" Shago ya kaure da dariya. Wani ya ɗaga waya ya ɗauki allon, kafin azahar hoton ya shiga wayoyin rabin Nima.

Malam Nurudeen yana da makarantar Islamiyya a Maamobi, mutum ne mai kamun kai, iyayen yara suna ganin girmansa. Bayan la'asar sai ga shi a ƙofar shagon. Ya yi sallama, bai zauna ba.

"Muftahu, lokacin da na kawo maka hoton nan, cewa na yi ka tura wa mutum ɗaya. Ko na ce ka nuna wa gari?"

"Ba ka ce ba, Malam."

"Yau ɗalibaina suna ɓoye dariya a bayan littafi. Ni ban damu da kaina sosai ba, kowa ya yi ƙuruciya. Amma akwai hotunan matan mutane a ciki. Akwai waɗanda aurensu ya mutu. Ka tambaye su?"

Muftahu ya sunkuyar da kai. Ya ce bai tambayi kowa ba, murna ce ta ɗebe shi, kuma ya ba da haƙuri. Nan take ya juya allon ya fuskanci bango, ya ce wa mutanen shagon kallo ya ƙare. Malam Nurudeen ya ce a buɗo hoton a goge a gabansa.

Da aka buɗo, sai malamin ya matso kusa da allon. Wanda ya ɗauka da waya tsakiyar kawai ya ɗauko. A cikakken hoton, can gefe, akwai wani siririn saurayi zaune kan bonet ɗin motar yana dariya da dukan haƙoransa.

"Wahab ne," in ji Malam Nurudeen. Ya jawo benci ya zauna. "Tare muka tashi. Motar ma ta ubangidansa ce, wanki aka ba shi muka tsaya muka ɗauki hoto. Bayan wannan da 'yan watanni ya bi hanyar Libiya, har yau babu labari." Ya ɗan jima yana kallo. "Uwarsa tana nan da rai a Maamobi. Ban sani ba ko tana da hotonsa yana dariya haka."

"A goge, Malam?"

"A'a. A wanke guda ɗaya a ba ni, ni zan kai mata. Amma a yanke ni daga ciki."

Muftahu ya ce Shamima za ta iya. Malamin ya miƙe zai tafi, sai ya hango ɗaya kwamfutar, mai wasannin kati, a ƙarƙashin tebur. Ya tambaya ko ita ma tana aiki. Ya ce ɗalibansa da yawa sun iya latsa waya amma ba su taɓa ɗora hannu a kan madannin kwamfuta ba, kuma a makarantar boko ana tambayarsu a jarrabawa. A ƙarshen makon Shamima ta goge wasannin, ta zuba mata manhajar koyon buga rubutu da karatun Alƙur'ani na saurare, aka ɗora ta a tasi zuwa Maamobi. Tana nan a ofishin makarantar, yara na shiga bibbiyu bayan an tashi.

Da Muftahu ya ba yayarsa labarin abin da ya faru, ta ce, "Ai ka ji da kyau. Ka bar amanar mutane a hannun masu jiran aski. Gobe zan zo in zauna a wurin."

Haka kuwa aka yi. Kullum bayan ta karya, Asana takan yafa mayafi ta tafi shago ta zauna a gaban kwamfutar. Ta kafa doka: ba a ɗaga waya, ba a taruwa, wanda ya zo sai ya faɗi ko shi ɗan gidan wa ne da wanda yake nema, sannan ta nuna masa nasa kaɗai. Ba a iya yi mata ƙarya, don ta san kakannin kusan kowa. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ya faru bayan tafiyarta, wannan kuma masu zuwa suka riƙa cike mata. Kowane hoto sai ya jawo hira: wannan ta auri wane, sun koma unguwar Madina, wancan yana Italiya ya yi 'ya'ya uku, wannan gidan an rushe an yi bene. Cikin 'yan watanni ta san Nima ta yau kamar ba ta taɓa barinta ba, har ana aiko mata da goron biki da sunanta.

Koyon na'urar ne ya ba ta wuya. Da farko takan ɗaga linzamin sama tana nuna allon da shi. Shamima ta kama hannunta ta ɗora a tebur, ta ce, "Mma, kamar kina goge tebur a hankali." Rubutu kuwa da yatsa ɗaya take yi, tana neman kowane harafi tana kiran sunansa, amma a haka ta bi hotunan tana sa wa kowane sunan mai shi da gidansu. Idan aka ɗauke wuta sai ta rufe allon da ɗankwali, hira ta ci gaba har a dawo da ita.

Da damina ta matso sai abin ya juya. Mutane suka fara zuwa da nasu hotunan, a cikin leda, a cikin gwangwanin biskit, wasu sun manne da juna saboda laima. Sun ga abin da ya sami Mma Ƙaltume, ba su son ruwa ya yi musu haka. Tsohuwar sikanar tana ƙara kamar keken ɗinki idan tana aiki, kuma takan ɗauki lokaci, amma tana yi. Shamima ta kawo wata 'yar ma'ajiya ta zamani, duk Juma'a takan kwafe komai ta tafi da shi gidanta, don ta ce injin da ya kai wannan shekaru ba a ba shi amana shi kaɗai. Muftahu na gefe yana sayar da katinsa, yana jin gurnanin fankar a bayansa, wani lokaci sai a ga yana murmushi ba dalili.

Wata Talata wani baƙo ya yi sallama, dogo, da rawani a wuya, Hausarsa irin ta mutanen Nijar. Ya ce sunansa Iliasu, direban babbar mota ne, albasa yake kawowa daga Tawa. A wurin sauke kaya ya ji ana cewa akwai wata Hajiya a Nima da take da hotunan mutanen da.

"Ban je Makka ba tukuna, ɗana," in ji Asana. "Zauna. Wa kake nema?"

Ya ce mahaifinsa. Ya zo Accra neman kuɗi tun Iliasu yana goye, ya yi gadi a gidajen Turawa, ya zauna a Nima, a nan ya rasu aka binne shi. Ba su da hotonsa ko ɗaya a gida. Sunansa Kassim, ana ce masa Dogo.

Asana ta san da wuya a samu, don bisa shekarar da Iliasu ya faɗa, mutumin ya rasu tun kafin a buɗe kafen. Duk da haka ta bi tsofaffin hotunan da aka kawo mata ɗaya bayan ɗaya, baƙon na kallo ta gefen kafaɗarta. Babu. Iliasu ya yi godiya ya miƙe.

"Tsaya," in ji ta. "Ba a gama ba."

Ta kai shi wurin Mma Ƙaltume, wadda ke kwashe ƙosan ƙarshe daga mai. Tsohuwar ta maimaita sunan sau biyu. Ta ce ta tuna wani Dogo mai gadi da ba ya shan koko da sukari, kuma abokinsa na kusa shi ne Baba Issifu, wanda yanzu ba ya fita, yana gidan ɗansa a Maamobi bayan asibiti. Asana ta leƙa shago ta ce wa Muftahu ya kula da wurin kada kowa ya taɓa mata na'ura, ta sa baƙon a gaba suka bi lunguna, suna tsallake kwatoci, tana gaisawa da mutane a kowace kwana.

Baba Issifu yana kwance kan tabarma a barandar gidan. Da aka faɗa masa ko wane ne, ya tashi zaune ya kama hannun Iliasu ya ƙi saki. Ya ce ɗaki ɗaya suka zauna da Kassim, shi ya yi masa wanka da ya rasu. Ya ba da labarin yadda Kassim yake dafa shayi mai ɗaci, da yadda yake ajiye kuɗi a cikin safa don ya aika gida, da yadda kullum yake maganar wani jariri da ya baro. Sannan ya sa jikarsa ta jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai hoto guda na masu gadi su tara, sun jeru da kakinsu ranar wata Sallah. Hoton ya dushe, fuskokin ƙanana. Tsohon ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, ya ce ko na uku ne daga dama ko na huɗu, dukansu dogaye ne, idonsa ba ya rabewa yanzu.

Suka aro hoton suka koma shago. Asana ta kifa shi a sikana da kanta, ta danna, suka jira na'urar ta gama kukanta. Da ya fito a allo ta yi ta ƙara girmansa yadda Shamima ta koya mata, har fuskokin biyu suka cika gilashin, dishi-dishi. Iliasu ya durƙusa a gaban teburin ya daɗe yana duban wannan yana duban wancan.

"Na huɗun ne," in ji shi. "Dubi kunnensa. Haka na ɗana yake, a buɗe."

Asana ta tambaye shi cikakken sunan mahaifin da garinsu, ta buga a ƙarƙashin hoton da yatsanta ɗaya. Shamima ta wanke masa kwafi biyu kafin motarsa ta tashi, ɗaya nasa ɗaya na tsohuwarsa a Tawa, aka mayar wa Baba Issifu nasa.

Da Iliasu ya sake zuwa Accra bayan wata biyu, sai ga ɗan dako ya sauke buhun albasa guda a ƙofar gidan, ya ce na Hajiya mai hotuna ne. Asana ta kwance bakin buhun a tsakar gida, ta cika wa Mma Ƙaltume kwano, ta ɗebi na Baba Issifu ta ajiye gefe, sauran ta bi ɗaki-ɗaki tana rabawa. Satin nan duk miyar da aka yi a gidan sai da albasa ta yi mata yawa.